Minti Na Saba'in Da Ɗaya

Allo ya ɗaga a bakin fili.
Ja ya ce takwas, kore ya ce talatin da tara.
Takwas ni ne.
Shekara goma sha ɗaya ina goye da lambar nan a baya.

Talatin da tara kuwa Mutala ne,
ɗan Barikisu mai koko a Aboabo,
wanda shekara huɗu baya
yake tsaye bayan raga yana tsamo mana ƙwallo daga kwata,
ya goge ta da rigarsa kafin ya miƙo.
Ni na saya masa takalmin farko, gwanjon Kejetiya,
ya yi masa yawa,
muka cusa tsohuwar jarida a bakinsa.

Ga shi yau a kan layi yana tsalle-tsalle,
iska na kai da komo a cikin rigarsa,
leɓe a bushe kamar wanda ya kai azumi la'asar.

Ban yi sauri ba, ba zan ɓoye ba.
Daga tsakiyar fili zuwa layi taku arba'in ne,
na mai da shi tafiyar fataken goro.
Gwiwar dama tana yi mini maganar
da ta soma tun damina biyu,
ina ce mata: yi shiru, mutane na kallo.

Wani mai ganga a wuya yana zagin koci Ofori da Tonanci:
ana cin mu ɗaya, ka sako mana ɗan goye?
Can a rumfar manya mai kulob ya haɗe rai.
Shi so ya yi a sayo gwani daga Abijan.
An ce koci ya ce masa:
Alhaji, ka dasa goro, ka yi ta ban ruwa,
ranar da ya yi 'ya'ya sai ka tafi kasuwa sayen na wani?

A taku na talatin na tuna Baba Sumaila.
Ni ma da shekara goma sha bakwai na tsaya a nan,
shi ya fito, ni zan shiga.
Na miƙa hannu.
Ya wuce, ya tofar da yawu a ciyawa.
Ya rasu bara, na je jana'iza, na ɗauki makara,
amma hannun nan nawa har yau yana rataye a iska.

Sai na kama kan Mutala da hannu biyu.
Zuciyarsa har a kunnensa take bugawa.
Na ce: mai lamba biyar ɗinsu ya gaji, hagunsa ta mutu.
Ƙwallon farko kada ka yi gwaninta, ba na kusa.
Ya ce to, Yaya.
Bai ji ko ɗaya ba.

Ta farko, ya yi gwaninta, aka ƙwace.
Fili ya yi gurnani.
Ta biyu ta wuce ƙarƙashin ƙafarsa zuwa waje.
Ta uku
ya tare ta da ƙirji, ya juya ta hagu,
mai lamba biyar ya zauna a taɓo,
ni kuma na tsinci kaina a tsaye, ƙanƙarar gwiwata a ƙasa,
ina ihu da muryar da ban san ina da ita ba.

Ta daki ƙarfe ta dawo.
Haka aka tashi, ɗaya da nema.

A mota, wajen gadar Asafo, barci ya kwashe shi a kafaɗata,
jan taɓo ya bushe a wuyansa.
Ban motsa ba har Aboabo, ko da kafaɗar ta sage.

Ranar Alhamis aka manna takarda a ƙofa.
Sunansa a sama, cikin goma sha ɗaya.
Nawa a ƙasa, bayan an ja layi.
Na karanta sau biyu, na je na ɗaura takalmi.

Da asubar Juma'a na biya wajen Barikisu.
Ta zuba koko, ta ƙara ƙosai uku a kan na kullum.
Na miƙa kuɗi.
Ta yi kamar tana gyara wuta.